TSOHON AGOGON MATA: A LEƘA CIKINSA KAFIN A AZA SHI KAN MA'AUNI

A makon nan za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda sau da yawa faɗin fuskarsa bai kai na dala guda ta ƙarfe ba, wato agogon kwalliya na mata irin na da, wanda ake wanawa da yatsa kowace safiya. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane, maza da mata, waɗanda suka mai da tara irin wannan agogo abin sha'awarsu. Suna bin kasuwannin tsoffin kaya da gidajen gwanjo suna nemansa, suna biyan masu gyara su tashe shi, suna adana shi kamar yadda malami ke adana littafin da ya gada. Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da shagalin Turawa. To, ruwanmu shi ne, ire-iren waɗannan agogai suna nan kwance cikin adakar iyayenmu mata a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, kuma ran da aka zo rabon gado, abu na farko da ake yi musu shi ne a kai su wajen maƙeri a auna. Kafin a auna, ya kamata a san abin da ake aunawa.

Mata ne suka fara

Mutane da yawa sun ɗauka agogon hannu kayan maza ne da aka ƙanƙanta domin mata. Tarihi ya nuna akasin haka. A shekarar 1810 Caroline Murat, ƙanwar Napoléon, wadda take sarauniyar Napoli a lokacin, ta sa mashahurin maƙerin agogon nan na Paris, Abraham-Louis Breguet, ya ƙera mata agogon da za ta ɗaura a hannu kamar munduwa. An gama shi a 1812, kuma bayaninsa yana nan cikin littattafan kamfanin, ko da yake shi agogon kansa ya ɓace. A 1868 kamfanin Patek Philippe na Jeneba, a ƙasar Suwis, ya ƙera wani wanda wata basarakiya ƴar ƙasar Hongiri mai suna Koscowicz ta saya. Duk tsawon wannan zamani namiji mai ji da kansa agogon aljihu yake riƙewa da sarƙarsa, yana ganin na hannu ado ne na mata. Sai da yaƙin duniya na farko ya zo, daga 1914 zuwa 1918, sojoji suka ga ba su da sukunin laluben aljihu a fagen fama, sannan maza suka rungumi agogon hannu gadan-gadan. Ke nan mata sun riga maza da shekara ɗari.

Ƙarami ya fi wuyar ƙira

Hausawa sun ce kada a raina allura, ita ma ƙarfe ce. Abu na farko da ke jan masu tara waɗannan agogai shi ne aikin da ke cikinsu. Agogo mai wani ba shi da batir. Ƙarfinsa yana cikin wani siririn zaren ƙarfe ne da ke naɗe cikin ɗan gwangwani. Idan aka wana shi sai ya ɗaure, sannan ya riƙa warwarewa sannu a hankali yana tura ƴan ƙafafu masu haƙora, su kuma suna tura wata ƴar ƙafa mai kai da komo wadda ita ce zuciyar agogon. A yawancin agogan da, wannan zuciya tana bugawa sau 18,000 a sa'a guda, wato sau biyar a kowace daƙiƙa. Duk waɗannan sassa da ke cikin babban agogon namiji, dole a same su cikin na mace, a wurin da bai kai rabin wancan ba. Kuma gwargwadon ƙanƙantar zuciyar agogo, gwargwadon wuyar daidaita shi ya riƙe lokaci, domin ƙwayar ƙura ɗaya ko ɗigon mai da ya bushe ya isa ya karkatar da shi.

Misalin da ya fi shahara shi ne injin da masana'antar LeCoultre ta garin Le Sentier, a cikin tsaunukan Suwis, ta fitar a shekarar 1929, wanda ake kira Calibre 101. Tsawonsa milimeta 14 ne, faɗinsa bai cika milimeta 5 ba, nauyinsa kuwa wajen giram guda. Mai shago ya ɗauki ashana ya kwatanta, zai ga abin da ake nufi. Irin wannan inji ne ke cikin agogon da sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ta ɗaura ran da aka naɗa ta, 2 ga watan Yuni na 1953, a ɓoye cikin munduwar lu'ulu'u. A 1955 kamfanin Omega ya fito da Ladymatic, agogon mata mai wana kansa da motsin hannu. A 1957 Piaget ya ƙera injin da kaurinsa milimeta 2 ne kacal, abin da ya ba shi damar yin fuskar agogo da yankakken dutse mai launi a shekarun 1960. Duk wannan an yi shi ne tun babu kwamfuta a masana'anta, da ido da tabarau da hannun da ba ya rawa.

Kowane zamani da salonsa

Abu na biyu shi ne ado. Agogon namiji yawanci zagaye ne ko murabba'i, fari ko baƙi, shi ke nan. A na mata kuwa maƙera sun saki hannu. A shekarun 1920 da 1930 an yi yayin dogo siriri mai kusurwa huɗu, an jera masa ƙananan lu'ulu'u, ana ɗaura shi da baƙar igiyar siliki. A 1935 gidan Van Cleef & Arpels na Paris ya yi wani mai siffar kwaɗon ƙofa, fuskarsa a karkace yadda mai shi kaɗai ke ganin lokaci. Dalili shi ne a manyan gidajen Turai na wancan zamani ana ɗaukar rashin ladabi ne mace ta duba agogo a gaban baƙi, kamar tana cewa sun daɗe. Saboda haka aka yi ta ƙera agogai masu murfi, waɗanda in ba a buɗe ba sai a ce munduwa ce. A ƙarshen shekarun 1940 Bulgari na birnin Roma ya fara ƙera mai siffar maciji da ke naɗe hannu, wanda ya yi suna bayan da aka ɗauki hoton ƴar wasan nan Elizabeth Taylor da shi a 1962. A 1977 Cartier ya fito da jerin Must, na azurfa mai ruwan zinariya, domin masu matsakaicin ƙarfi, sannan Panthère a 1983. Wanda ya san waɗannan salo, da ya ga agogo zai iya faɗin shekarunsa, kamar yadda tsohon ɗan kasuwar atamfa ke gane zamanin zane daga fentinsa.

Kasuwa ta raina su

Abu na uku, wanda ƴan kasuwa za su fi saurin ganewa, shi ne farashi. Shekara da shekaru kasuwar tsoffin agogai ta maza ce. Yawancin masu saye maza ne, kuma abin da za su ɗaura suke nema. Ga misali daga shekara guda a birni guda. A watan Yuni na 2017 gidan gwanjo na Christie's a Niyu Yok ya sayar da agogon Cartier na zinariya na Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka, a kan dalar Amurka 379,500, wato sama da miliyan 200 na kuɗinmu na sefa. A watan Oktoba na wannan shekara gidan Phillips ya sayar da Rolex na farin ƙarfe na ɗan wasan nan Paul Newman a kan dalar Amurka miliyan 17 da dubu 750 da ɗoriya, kusan miliyar 10 na sefa. Dukansu biyu sunan mai shi aka saya, amma tazarar ta haura ninki 40. Idan haka take a sama, to a ƙasa ma haka take: Omega ko Longines na mace na shekarun 1950, ko da na zinariya ne, sau da yawa bai kai kuɗin ɗan'uwansa na namiji na ƙarfe ba, alhali masana'anta ɗaya ta ƙera su.

Akwai kuma abin da ya faru da sana'ar baki ɗaya. Ran 25 ga watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya sa agogon hannu mai batir na farko irin na kuwaz a kasuwa, sunansa Astron. Cikin shekara goma irinsa ya yi araha, ya fi mai wani riƙe lokaci, kuma ba ya bukatar a taɓa shi kullum. Ma'aikatan agogo a Suwis suka ragu daga wajen dubu 90 a 1970 zuwa wajen dubu 30 a tsakiyar shekarun 1980. A Faransa, ma'aikatan kamfanin Lip na Besançon sun mamaye masana'antarsu a 1973 domin hana a rufe ta. Agogon mata ma ya koma batir, tun da ƙaramin mai wani dama shi ne mai wuyar daidaitawa. Tsofaffin sai aka jefa su cikin akwati.

Daga akwati kuma sai tukunyar maƙeri. Duk lokacin da zinariya ta yi tsada, kamar a watan Janairu na 1980 da oza guda ta kai dalar Amurka 850, ko a 2020 da ta haura 2,000, ko a 2025 da ta haura 3,000 sannan 4,000, masu sayen tsohuwar zinariya sukan ɓalle injin su jefar, su narkar da gidan agogon da maɗaurinsa. Agogon da kuɗinsa a kasuwa bai fi na zinariyarsa ba, shi ne farkon shiga wuta. Wanda aka narkar kuwa ya tafi ke nan, domin babu mai sake ƙera irinsa. Tun wajen 2020 yayi ya fara juyawa, ƙananan agogai suka dawo, har maza suna ɗaura Cartier ɗin da a da ake cewa na mata ne, farashin wasu ya tashi. Amma wannan ya fi shafar manyan sunaye. Sauran suna nan tsakanin hannun mai tarawa da tukunyar mai narkarwa.

Yadda ake duba shi

To, wanda ya tarar da irin wannan agogo a gida, ko aka kawo masa talla, me zai duba? Da farko dai ba a cinikin biri a sama. A sa mai gyara ya buɗe murfin baya a gaban ido. Lamba 750 tana nufin zinariya karat 18, wato kashi uku cikin huɗu zinariya ce tsantsa: a giram 20 akwai giram 15. Lamba 585 karat 14 ke nan, 375 kuwa karat 9. Ban da lamba akwai hatimin hukuma, ɗan mitsitsi, sai da tabarau. Na Faransa a kan karat 18 kan mikiya ne. Na Suwis kafin 1995 kan mace ne a karat 18, kurege a karat 14, daga 1995 kuma kan kare. Idan aka ga an rubuta «plaqué or», ko «20 microns», ko «fond acier», to ruwan zinariya ne aka shafa wa wani ƙarfe, maƙeri ba zai ba da ko dala a kansa ba. Rubutun «17 rubis» ma kada ya ruɗi kowa. Duwatsu ne na haɗi, irin waɗanda aka iya yi a masana'anta tun farkon ƙarni na 20, aikinsu rage gogayya a inda ƙarfe ke juyawa, ba su da kuɗi a kasuwar ado.

Na biyu, a duba ko sunan da ke fuska shi ne a jikin inji, domin a agogan manyan gidaje irin su Omega da Longines da Rolex haka ya kamata a gani. Kama da wane ba ta wane. Jabu ya yi yawa, kuma akwai na haɗe-haɗe, gida na wannan, inji na wancan, akwai kuma wanda aka cire masa injin asali aka sa na batir. Ƙananan kamfanoni da yawa kuwa dama can sayen inji suke yi daga masana'antu irin su A. Schild da ETA na garin Grenchen. Wannan ba aibi ba ne, hasali ma kayan gyaransa sun fi samuwa. Na uku, kada a goge shi da sabulu ko toka, kada a sa a sake fentin fuskarsa. Masu tarawa sun fi son fuskar da ta tsufa da mutuncinta a kan wadda aka yi wa kwaskwarima. Idan lambobinsa na da wani fenti mai haske da dare, kuma agogon ya girmi shekarun 1960, kada a kankare, domin a lokacin da sinadarin radiyom mai cutarwa ake haɗa shi. Idan akwai kwalinsa ko takardar sayensa, a adana, suna ƙara masa daraja.

Gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba

Kada wani ya karanta wannan ya ɗebi jarinsa ya zuba. Tara tsoffin agogan mata ba hanyar neman riba ba ce. Wanke ƙaramin inji da sa masa mai aiki ne mai cin lokaci, kuɗinsa yakan kai na babban agogo ko ya fi, wani lokaci ma ya fi kuɗin da aka sayi agogon. Masu gyaran da suka iya mai wani suna ƙarewa, a Turai da nan duka. Yawancin waɗanda ke zaune da akwatin gilashi a bakin kasuwanninmu canjin batir da maɗauri suka fi yi, saboda haka in an sami dattijon da ya koyi aikin tun zamanin mai wani, a riƙe shi da kyau. Maɗaurin zinariya na da an yanka shi ne daidai hannun mai shi, ƙara masa tsawo sai gwanin maƙeri. Agogon ba ya son ruwa, a cire shi kafin alwala da wanki. Ba ya son turare, ba ya son ƙurar hunturu, ba ya son a ajiye shi kan rediyo ko kusa da wayar salula saboda maganaɗisu. Ko ya sami gyara mai kyau, yana iya yin gaba ko baya da minti guda a yini. Mai neman abin da zai kai shi buro kan lokaci, wayarsa ta ishe shi. Araha ba ta ado, kuma a nan kuɗin saye shi ne ƙaramin kashi.

Haka kuma ba mu ga laifin wadda ta sayar da zinariyarta ba. Duk wanda ya ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta a gaban kuɗin Faransa, ya san dalilin da ya sa mata ke ajiye dukiyarsu a wuya da hannu. Zinariya ita ce asusun mace, ranar rashin lafiya ko kuɗin makarantar yara ita ake fitarwa. Abin da muke cewa shi ne sarƙa da ɗan kunne ma'auni ne ke yanke musu farashi, agogo kuwa yana da farashi biyu, na nauyi da na aiki. Maƙeri na farkon kaɗai yake biya, kuma sai ya cire nauyin inji da gilashi tukuna. Wanda ya sayar kafin ya tambayi na biyun, ya sayar da doki a kuɗin fatarsa. Yau kuwa tambayar ba ta da wuya: hoton fuska, da na cikin murfi, da na inji, sun isa a kwatanta da sakamakon gwanjon da manyan gidaje ke bugawa a intanet.

Na cikin adakar gida

Gaskiya ce mafi yawan abin da za a tarar a gidajenmu ba Patek ba ne, ba Cartier ba ne. Seiko ne, da Citizen, da Orient, da Rado, jefi-jefi Omega ko Lip: tsarabar alhazai daga Makka da Jidda, ko wanda aka sa cikin lefe, ko wanda ma'aikaci ya sayo wa uwargida da ya je karo ilimi a Faransa. Da yawansu masu ruwan zinariya ne, maƙeri ba ya so, gidan gwanjo ba ya so. Amma a nan ne abu na huɗu yake, wanda shi ne ya fi riƙe masu tarawa na ƙwarai. Agogon mace yawanci kyauta ne, an ba ta shi ne a wata rana da ba ta mantawa. Shi ya sa a Turai ake yawan samun suna da kwanan wata an zana a murfin baya, kuma akwai masu neman irin waɗannan musamman, ko da ba su san masu sunan ba. Mu da muka san mai shi, muka san hannun da ya ɗaura shi ranar suna da ranar salla, mun fi su abin riƙewa. Zane yakan koɗe, kwano yakan yi tsatsa, amma agogon da aka ƙera shekara 60 da suka wuce, in aka wanke shi aka sa masa mai, sai ya tashi ya ci gaba da bugawa a hannun jika. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka shawararmu ga magada guda uku ce. A tambayi tsohuwa tun tana da rai wa ya ba ta, a ina aka saya, a wace shekara, a rubuta a ƴar takarda a naɗe tare da agogon. In an zo rabo, a yi masa kuɗi biyu, na nauyi da na aiki, a ɗauki wanda ya fi, domin kada a tauye haƙƙin kowa. Sannan a fara yi wa ƴaƴa mata na gidan tayi, wadda take so ta karɓe shi a cikin rabonta ko ta biya ƴan'uwa, kafin a fita da shi waje. In duk an yi wannan aka ga ma'auni ne mafita, to a kai, an sayar da sani ke nan.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.